Ƙyallen da Cima ta Dawo da Shi

Ranar Litinin ta tsinci ƙyallen alharini
a ƙarƙashin kekena, nan Bagalam,
wanda na rage daga rigar wani mai gyaɗa.
Ta ce za ta kai shi jami'a.
Na ce kai shi, ai ko tsumma yana son karatu.

Juma'a ta dawo da shi cikin ambulan.
Na ɗaga shi ga hasken ƙofa,
na murza, na sansana, na ja shi da haƙori.
Cima, ba ki yi masa komi ba.
Ba ta tanka ba. Ta ɗauki kofin shayina
ta tuntsurar da shi a kai.

Shekara arba'in da ɗaya ina tsoron ɗigo.
Na ga manja ya kashe ɗinkin wata uku,
na ga gumin Afrilu ya zana taswira
a hammatar rigar jikka ɗari.
Amma shayin nan sai ya dunƙule
kamar raɓa a ganyen gwaza,
ya yi ta gangare, ya rasa masauki,
ya faɗo mini a ɗan yatsan ƙafa.

Tsafi ne? Ta ce yashi ne, Baba,
ɗan'uwan wanda kake takawa a Gulbi,
sai dai an ƙanƙanta shi har ido ya sallama.
Ɗauki gashi ɗaya daga gemunka,
tsaga kaurinsa gida dubu,
to, ƙwaya guda ke nan.
Su ne suka yi sahu a kan kowane zare.
Akwai azurfa kuma, ita ce mai gadi:
ƙwayoyin da ke sa tufa ta yi tsami
ba sa kwana inda take.

Ubana da taɓarya ya nemi ƙyalli.
Bugu yake yi tun asuba har kafaɗa ta mutu,
unguwa duka ta san sabuwar riga na zuwa.
Ke kuwa aikinki ko sauro ya fi shi ƙara.

Ta ce kar ka yaba tukuna.
Na farko ya fito ƙandas kamar buhun taki,
na bakwai ya yi ɗorawa,
wannan na goma sha shida ne,
shi ma wanki ashirin ke raba shi da sulkensa.

Na ce in ya rabu da shi, ina azurfar za ta?
Ruwan wanki kwata yake bi,
kwata kuma ta san hanyar fadama,
can Kuluwa ke shukar tumatir.
Cima ta yi shiru.
Ta ciro biro daga ɗankwalinta,
ta rubuta maganata a tafin hannu,
ni da ko lakkwal ban taka ba.

Da ta tafi na zare allura,
na soka a ƙyallen don in ji ko zai yi gardama.
Ta wuce sumul.
Ba ta san ta ratsa rundunar kowa ba.

Na ɗinke shi a cikin aljihun rigata,
wajen da goro ke ɓata mini kullum.
Yau kwana tara. Ina ƙirga wanki.