Wadan da Baba Ya Dasa

A kasuwar Viljandi ya sayo shi, ran wata Asabar,
cikin 'yar tukunyar roba da tafin hannu ke rufewa.
Mai sayarwa har da dafa ƙirji:
"Wada ne, Endel. Ko shekara hamsin ya yi
ba zai wuce ƙugunka ba."

Baba ya auna taku uku daga tagar kicin,
ya haƙa rami, ya zuba ruɓaɓɓen ganye da baƙar ƙasar daji,
ya ce, riƙe shi tsaye, Maarika, kar ya karkace.
Shekarata bakwai. Ganyen nan nasa allurai ne zalla,
shuɗi-shuɗi, kamar an barbaɗa musu toka.
Suka tsikare ni. Na tashi da ƙaro a yatsu,
kwana biyu ina sansanawa.

Shekara uku bai ce uffan ba.
Inna ta leƙo ta taga, ta ce, ga kuɗin takalmina can a tsugune.
Baba dai bokiti guda kowace yamma.
In dusar ƙanƙara ta kwana a kansa
sai ya fita da tsintsiya tun da duhu-duhu,
yana kakkaɓe masa reshe-reshe,
a hankali, kamar mai tashin mara lafiya.

Ashe saiwa yake yi.
A ta huɗu ya ƙara kamu guda,
a ta takwas ya ga tsakar kaina,
ranar da na tafi Tartu karatu yana leƙen indararo.
Wada!

Ya ɗaga duwatsun da aka shimfiɗa zuwa ƙofa.
Ya shanye ciyawar gindinsa, ya bar jar shimfiɗa ta busassun allurai.
Kicin ya koma sai da fitila da rana tsaka.
Maƙwabcinmu Valdek, duk bazara, ta kan shinge:
"Inuwar dodon nan ta cinye mini kokwamba!"
Baba ya ce, wada ne, haka aka gaya mini.
Shekara ashirin suna wannan gaisuwa.

Amma ku zo a Janairu,
sa'ad da tuffa ta tuɓe, kowane itace ya tsaya tsirara,
tafki ya daskare, sama ta yi kalar tsohon kwano.
Shi kaɗai ke sanye da rigarsa.
Tsuntsaye masu jan ƙirji su shige cikinsa su yi tsit.
A hunturun da muka binne Inna
shi ne abu ɗaya a gidan da bai canza fuska ba.

Bana na kira mai zarto.
Ya zagaya shi sau biyu, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi,
ya faɗi kuɗi.
Baba na tsaye a gindin, hannu a kan sanda,
ya ranƙwafa, ya ƙanƙance cikin tsohon kwat.
Na dubi wannan, na dubi wancan,
na rasa wanne mai sayarwar yake nufi.

Sai ga Valdek, da silifas, cikin laka.
"Wa ya ce a sare?
Shi ke tare mini iskar arewa.
Kokwamba kuwa, likita ya hana ni."
Ya juya ya tafi, bai ko dubi Baba ba.

Rassa biyar na ƙasa muka cire, shi ke nan.
Kututturen ya yi ta hawayen ƙaro har mako.
Yanzu wajen ƙarfe biyu rana kan sunkuyo ta ƙarƙashinsa,
ta shigo, ta kwanta kan teburin da Inna ke cuɗa burodi.
Baba ya ja kujerarsa can.
Jiya ya ce in je kasuwa ran Asabar,
wai an kawo wasu, ba sa girma.