Kilo Ashirin da Uku

Daren tafiya, a tsakar gidanmu na Tudun Jukun,
mun aro sikelin mai sayar da gas na bakin titi
muna auna abin da aka yarda in ɗauka
daga shekara talatin da na yi a garin nan.
Kilo ashirin da uku, in ji takarda.
Kuka ta shiga, kuɓewa ta bi ta.
Daddawa sai da aka naɗe ta leda huɗu
don kada ta tona mana asiri a gaban baƙi.
Garin kunu ya kori takalmana biyu,
ban yi musu da shi ba.

Jabiru shekararsa huɗu, ya ce ai ya san jirgi:
ƙananan nan na makarantar Palladan
masu shawagi a kanmu kamar shirwa ta ga 'yan tsaki.
"Umma, in mun hau zan leƙo
in ce wa Goggo hadari ya taso, ta kwashe shanya."
Goggo Lantana ta yi dariya,
dariyar da ta ƙare a bakin mayafi.

Sakina kuwa watanta biyar,
amma ga ta da fasfo kamar wata attajira.
Sau tara mai hoton PZ ya ɗauka
kafin ta yarda ta buɗe ido biyu lokaci guda.
Hannuna na bayan farin ƙyalle, tallafe da ƙeyarta.
Bai fito a hoton ba,
ni dai na san yana nan.

Na je Samaru neman sani wurin wadda ta riga ni.
Ta ce, "Da kin ji ya fara gudu, ki ba ta mama,
haɗiya ce ke buɗe kunne.
Ki riƙe kaya kala uku a hannu, tumbuɗi ba ya sallama.
In ta tsala kuka kada ki dubi fuskar kowa,
duk wanda ya harare ki, shi ma an taɓa goya shi."
Har na kai zaure ta ƙwala mini kira:
wai akwai ƙofar da za a ce in kwance goyo,
zanin ya bi ta cikin na'ura shi kaɗai
kamar wanda ake tuhuma.

Goggo ta miƙo gorar ruwan addu'a.
Na ce ba sa bari ruwa ya wuce.
Ta ce, "To, a shanye shi a nan,
in ga mai binciken da zai ƙwato na cikin ciki."
Jabiru ya kurɓa, ni na kurɓa,
aka ɗiga wa Sakina a harshe, aka shafa mata saura a maɗiga.

Can Malesiya gari ya waye wa Yazidu,
mu ko barci bai zo ba.
Bai taɓa jin ɗumin 'yarsa ba,
a gilashin waya ya san ta,
inda murmushinta kan daskare in sabis ya ɗauke.
Jirgi biyu, kwana a kujera, sannan ya san nauyinta.

Da asuba motar Kano ta yi hon a ƙofar gida.
An fitar da akwatuna, an sake ƙirga takardu.
Goggo ta karɓi Sakina, ta ɗaga ta, ta sauke,
ta sake ɗagawa.
"Ita kilo nawa aka rubuta mata?"
Na ce ita ba a auna ta, a cinya take tafiya.
Ta ce, "Ni na auna.
Ranar da kuka dawo zan san abin da aka ci ni."

Mun wuce Kwangila fitilun masu shayi na ci.
Jabiru ya manna goshi a taga yana neman jirginsa.
Sama ba kowa tukuna.
A bayana, inda goyo ya saba zama,
har yanzu akwai sawun tafin Goggo
da ta dafa ni ta ce, "Tafi, kada ku makara."