Tafiyata Ce

Mu biyu Inna ta haifa a Setubal,
a layin da ƙarnin kifi ke riga rana tashi.
Ni, Graciete, na gaji wuƙarta da bencinta
a masana'antar gwangwani.
Idalina ta gaji madubi.

Tana da sha tara ta hau jirgin Lisbon
da takalmina, ko tambaya babu.
Shekara shida aikinta a fim buɗe ƙofa,
ta ajiye shayi, ta rusuna, a yanke.
Sannan gidan talabijin ya ɗauke ta,
kullum ƙarfe tara, muguwar mai gidan haya,
har mai burodi ta hana ni bashi
saboda abin da ƙanwata ta yi wa wani ɗalibi daren Talata.

Sau goma sha ɗaya na ga mutuwarta.
A ta huɗu na daina kuka.

Wata shekara ta dawo, wai hutu.
Wata uku tana zaune a kicin ɗina,
ko cokali ba ta wanke ba, sai ido.
Ashe awo take yi.

Da fim ɗin ya fito na biya kuɗina na shiga.
Ga mace a allo tana jan ƙafar hagu,
tana goge hannu a cinya kafin ta gaisa,
tana haɗiye magana kamar ƙayar kifi.
Mutane na sharar hawaye a duhu,
ni ina cusa hannuwana ƙarƙashin jaka.
Ban taɓa sanin haka nake tafiya ba.

Daren kyauta ta sa riga launin teku,
ta gode wa darakta, ta gode wa mai fitila,
na ga sunana ya hau harshenta,
sai makaɗa suka taso.

Yanzu gwiwa ta gaji, waya ta daina ƙara.
Ran Lahadi ta zo da mutum-mutumin tagulla
a jakar cefane,
ta dire kan tebur, ba ta ce uffan ba.
Na ɗaga, na ce, “Bai kai kwandon kifi nauyi ba.”
Ta yi dariya, irin wadda kyamara ba ta taɓa kamawa ba.

Da shi nake tare ƙofar baranda in iska ta taso.
Da la'asar mukan gangara bakin ruwa,
tsofaffi biyu masu jan ƙafar hagu,
ba mai iya cewa wa ta koya wurin wa.