Na Talatin da Bakwai

A Lyon, a wani bene da ke kallon kogin Saône,
mahaifina Aurèle Brissonnet ya tara littattafai
yadda wasu ke tara bashi:
a ɓoye, da kunya, ba ranar dainawa.

Ba don rubutun yake saye ba.
Don zanen ne, wanda aka karce da tsinin allura
a kan farantin tagulla mai shafen kakin zuma,
aka tsoma a ruwa mai cin ƙarfe
har layi ya yi zurfin da zai riƙe tawada.
Yakan ce: sai ƙarfe ya sha wuya takarda ke yin kyau.

Mahaifiyata ta shekara uku da takalmi ɗaya
saboda wani littafin tsuntsayen fadama.
Ɗari da ashirin kacal aka buga,
namu ne na talatin da bakwai.
Ba ta yafe wa zalɓen shafi na tara ba
har ƙasa ta rufe idonta.

Da yana ta rufe nasa idon yana raye
na zaci shi ke nan, kasuwa ta tashi.
Ina!
Sai ya wanke hannu sau biyu da sabulu,
ya laluba gefen hoton,
inda faranti ya danne takarda ya bar mata gurbi,
ya bi tawadar da ta taso kamar jijiya,
ya ce: Solène, ga ƙafar zalɓen nan, guda ɗaya,
ɗayar ya ɓoye ta tun ba a haife ki ba.

Jiya mai gwanjo ya zo da farar safar hannu
da gilashinsa na ƙara girma.
Ya yaba fatar bango, ya shinshina takarda,
ya kai shafi na tara, ya yi turus.
Wani ya taɓa nan, in ji shi, ya taɓa ba kaɗan ba,
dubi yadda ya yi duhu, ya yi santsi.
Wannan zai zaftare sulusin kuɗinsa.

Na ce to.
Na ba shi sauran akwati goma sha ɗaya.
Wannan kuwa na sa a jakar cefane
tsakanin burodi da albasa,
na hau tudu zuwa gida ana yayyafi.

Da dare na kashe fitila,
na ɗora yatsa inda nasa ya gaji,
ina neman ɗaya ƙafar.