Ƙafar Dama

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa bas
daga Kandy zuwa Nuwara Eliya,
kowace kwana na san ta kamar zanen tafina.
Sai ranar nan, ana ruwa,
yaro a kan keke, da farar rigar makaranta.
Alƙali ya ce ba laifina ba ne.
Ƙafata ta dama ba ta ji hukuncin ba,
har cikin barci tana taka birki,
tana tashin Sumana, matata.

Likita Nayomi ba ta ce in manta ba.
Shayi ta miƙo mini, ta ce,
Gunasiri, kafin ka kurɓa,
a ina zafin kofin ya fara taɓa ka?
Na ji haushi. Na kashe kuɗin mota
don a yi mini zancen kofi?
Amma na duba. A yatsan tsakiya ne,
inda sitiyari ya bar mini kanta.

Ta ce bi numfashinka
yadda kake bin motar gaba a hazon tsauni,
kada ka matse ta, kada ta ɓace maka.
Na bi uku. A na huɗu yaron ya shigo.
Na ce ga shi nan fa.
Ta ce to, ba shi kujera,
ba kora muka zo yi ba.

Ta tambayi abin da mahaifiyata kan yi
in lamari ya fi ƙarfinta.
Na ce fitilar man kwakwa take kaiwa gindin bishiyar bo,
ta yi wa kowa fatan lafiya, har maƙiyinta.
Ta ce, kai kana cikin kowan?
Na yi shiru. Fanka na juyawa.
Wani biri ya diro a kan kwanon rufi.

Daren cikar wata na hau haikali ba takalmi.
Na kunna fitila ɗaya da sunan yaron,
Kavindu, karon farko da na faɗe shi a fili.
Ta biyun na daɗe riƙe da ashana
har ta ƙona ni.
Na ƙyasta wata.

Ƙafar tana taka birkin har yanzu, ba kullum ba.
In ta taka, Sumana kan ɗora hannu a gwiwata,
ni kuwa in ƙirga, shiga, fita,
in saurari ruwa a kan ganyen ayaba
har motar ta tsaya.