Ɗinki Ɗari da Takwas

Ni ba na duka, ba na jifa.
Wurina bakin fili ne, gindin dogon yaro,
da basilla, da jan zare, da ɗan gwangwanin kaki.
Ƙwallo goma sha ɗaya muka buɗe shekara da su,
kowace ɗinki ɗari da takwas,
na ƙirga har yatsana ya yi kanta.

Kadojin Gamkalle ake ce mana.
Yara na kiran wasan besbol,
dattawa na ce masa wasan kulki,
tsohuwata kuwa cewa ta yi:
a doki abu, a ruga,
a komo inda aka tashi, a ce wai an ci?

Wasa huɗu na fari, huɗun aka ba mu kashi.
Yantala suka yi mana goma da nema,
Talaje suka tafi suna kiɗa a bayan mota.
Albashin yara jikka goma sha biyar,
shi ma sai ya yi rarrafe yake isowa.
Tankari mai jifa ya ce zai koma kabu-kabu.
Na ce, miƙo safar taka tukuna.
Na kwana ina yi mata sabon ciki
da fatar akuya daga majemar bakin kogi,
ja wur, tana tashin bagaruwa.
Da safe ya zura hannu. Bai ce uffan ba.
Bai kuma tafi ba.

Da zafi ya kankama sai hannunsa ya nuna.
Ya jefa, ta taho kamar za ta gaishe ka,
ta kauce kamar mai bashi ya hango mai shago.
Muka ci Bukoki. Muka ci Lazare da magariba,
alkali na murza ido yana neman ƙwallo.
Balkisa mai rubuta ci ta cika littafi,
ta koma bayan kwalin shayi.

Ƙwallaye kuwa suna ta ƙarewa.
Biyu sun bi ruwa, ƙila sun kai Gaya.
Ɗaya akuyar mai gadi ta tauna,
ɗaya ta faɗa gidan da ba a shiga,
sauran duka ya cinye su har zare.

Wasan kusa da ƙarshe hadari ya taso daga gabas.
Alzuma ya zame cikin taɓo ya taɓa gida,
ya tashi ba mai gane shi sai haƙora.
A daren har mai tsire ya yafe bashi.

Ranar ƙarshe, Harobanda suka ƙetaro gada.
Zagaye na tara, suna gaba da ɗaya,
biyu sun faɗi, Alzuma na turke na uku
yana rawa kamar ɗan maraƙi ya ga uwa.
Saini ya tofa a tafi, ya ɗaga kulki.
Kau!
Ta tashi. Na bi ta da ido,
jan zarena yana juyi cikin rana,
ko ɗinki ɗaya bai saki ba.
Fili ya miƙe tsaye.
Can bakin katanga wani siririn yaro
ya yi tsalle, ya miƙa hagu,
ta shige safarsa ta yi shiru.

Na san safar nan.
Ranar Laraba ya kawo min ita a yage,
ya ce ba ya da ko dala.
Na ce, bari dai, ɗan nan.
Na ninka mata zare, don ban iya aikin ha'inci ba.

Ban gaya wa kowa ba.
Tankari ya zauna kusa da ni har fili ya watse,
ya tambaya, saura nawa, Baba Nayusa?
Na zazzage buhu. Uku.
Na lashi zare, na nemi kafar basilla.