Kwalkwalin Jazuli

Jazuli ya dawo daga Amurka
da kwalkwali a cikin jaka,
da hoton ranar da jami'arsu ta ɗau kofi,
da wuya kamar turmin daka.
Shekara huɗu yana sanye da sulke,
yana karo da ƙarti, ana tafa masa.
Ran Asabar sai ga shi a filin Mahaha,
wai ya zo wasan zari-ruga.

Muka dube shi,
mu masu takalman gwanjon Ƙofar Wambai,
wani ma ƙafa ɗaya ja, ɗaya baƙa.
Koci Haladu, mai walda a Sharaɗa,
ya ƙwanƙwasa kwalkwalin da yatsa
kamar mai tayin kankana,
ya ce, "Ajiye shi can a inuwa.
Kan da aka haife ka da shi,
da shi za ka shiga, da shi za ka fita."

Ƙwallo ta faɗo hannunsa.
Ya cilla ta gaba, tana juyi a sama,
ta yi nisa har mai rake ya bar fiƙa
ya ɗaga kai yana kallo.
Usur ya tashi. Laifi ne.
"A nan ba a jifa gaba."
Ya ce, "To ta yaya ake isa?"
Koci ya ce, "Ba na bayanka, ku tafi tare."

Can, in an kayar da mutum, sai a tsaya,
a haɗa kai, a sha ruwa, a sake shawara.
Nan aka kayar da Tasi'u, ya tsaya jira,
wasa ya wuce shi kamar motar Zariya.
Minti ashirin, ya dafa gwiwa
yana haki irin na injin markaɗe.

Ni, Sagiru, yaron tela a Gwale,
da iska ke iya turewa in na yi azumi,
ni na kayar da shi.
Ya taho da ka, kamar rago ya ga rago,
na sunkuya, kunci a cinya,
na rungume ƙafafun biyu na riƙe.
Ƙasa ta amsa.
Ya kwanta yana duban gajimare,
ya ce, "Wa ya koya maka?"
Na ce, "Rashin kwalkwali."

Da dare a teburin mai shayi aka raba gari biyu.
Lawandi ya ce gudu gudu ne, ƙarfi ƙarfi,
wanda ya iya kogi ba ya tsoron kududdufi.
Ɗan'asabe ya kaɗa cokali, ya ce a'a,
kama da wane ba ta wane,
ƙwallon ce kawai ta yi kama da ƙwai a wurin biyu.
Hannu ya riga ya haddace wani karatu,
goge allo ya fi rubuta shi wuya.
Jazuli bai ce komai ba.
Yana tsoma burodi da yatsu masu ciwo.

Sati na bakwai, an sha ruwa da asuba,
fili ya zama kunu.
Ya keta mutum uku, laka har gira,
saura ɗaya tsakaninsa da layi.
Na san abin da shekara huɗu ke raɗa masa:
sunkuyar da kai, ka bi ta kansa.
Sai na ga kafaɗarsa ta karkata,
bai ko waiwayo ba,
ya miƙo ta baya, daidai ƙirjina.

Ta suɓuce mini.

Ya zauna cikin laka yana dariya
har Koci ya manta da usur a baki.

Kuna tambaya ko zai iya?
Ban sani ba. Har yau yakan tsaya
rabin daƙiƙa, yana jiran hutun da ba ya zuwa.
Ku zo Asabar ku gani da ido.
Ku taho da canji:
kwalkwalin yana nan gindin darbejiya, baki sama,
a ciki muke tara kuɗin ruwan leda.